Farin Ƙarfen da ke Ƙarƙashin Benenmu

Ku 'ya'yan Haruna da jikokinsa, na gaji da jin labarin nan a karkace, shi ya sa na ce a zauna a rubuta shi daga bakina tun ina da sauran haƙoran faɗa. Waɗansunku na cewa yayanku Mansur ya juya wa ubansa baya saboda guntun ƙarfe. Waɗansu kuma na cewa Haruna bai taɓa son ɗan nan ba, shi ya sa ya kyautar da abin da yaron ya fi ƙauna a duniya. Kuna kuma yi wa Mansur dariya in ya tsaya a bakin titi yana ƙwala wa ɗansa na fari kira da sunansa, a gaban manya, ba ko nauyin baki. Duk cikinku babu wanda ya san kan zancen. Ni Hansatu, yayar Haruna uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goyi uban, ni na goyi ɗan, kuma shekara da shekaru ta bakina suke magana da juna.

Sai na fara da Baba Maizubi, don in ba ku san shi ba, ba za ku gane abin da ya ɗaure wa Haruna harshe ba. Iyayenmu sun baro ƙasar Haɗeja da niyyar hajji, suka yada zango a Sudan suna noman auduga har aka haife mu. Mahaifinmu bai ga Ka'aba ba. Zazzaɓi ya ɗauke shi a bakin teku muna jiran jirgin ruwa. Baba Maizubi, wanda a lokacin saurayi ne a ayarinmu, shi ya haƙa kabarin, shi ya saɓa Haruna a kafaɗa ya hau jirgi da shi, shi ya samo wa innarmu ɗaki a unguwar Misfala, kusa da Harami. Sana'arsa zubin tukwane. A kai masa tsohon farin ƙarfe, wato alminiyon, ya narkar, ya zuba a yashi, tukunya ta fito. Manyan tukwanen jama'armu, waɗanda ake ara in ana biki ko suna ko zaman makoki, ake kuma kaiwa Arfa a dafa wa alhazai, duk aikin hannunsa ne. Har Haruna ya yi furfura bai taɓa zama a kujera Baba yana ɗakin ba, a ƙasa yake raɓewa kusa da ƙofa.

Haruna ya tashi makanike. Ya koyi aiki a garejin wani attajirin Balarabe mai shigo da motocin Amurka, har aka riƙa ce masa Usta, wato gwanin sana'a. Attajirin yana da ɗa da ya yi karatu a can, ya dawo da wata mahaukaciyar mota mai ƙofa biyu da dogon hanci, in ya tashe ta tantabarun unguwa sai su watse. Tare da motar ya zo da wani akwatin katako, a ciki akwai abin da makanikai ke ce wa bulok, wato gangar jikin inji, wadda ake ɗaura sauran kaya a kanta. Ya ce a wurin wani mai tseren mota ya samo shi, wai wata rana zai sa shi a motar. Ranar ba ta zo ba. Ya yi aure, ya yi tumbi, ya koma hawa motar da direba ke ja. Da attajirin ya rasu magada suka rufe garejin, sai ɗan ya dubi akwatin ya ce wa Haruna ya ɗauka, tunda shi kaɗai ke share masa ƙura.

Ina tsakar gida ina tankaɗe ranar da ya shigo da shi. Abu ne fari tas, da ramuka takwas, huɗu nan huɗu can, kowanne hannun babban mutum zai shige. Abin da ya ba ni mamaki, shi kaɗai ya rungumo shi daga bakin ƙofa, yana nishi dai amma bai nemi taimako ba.

Na ce, "Wannan kuma wace irin turmin daka ce ka kwaso mana?"

Ya ce, "Yaya, da na baƙin ƙarfe ne, ƙarti uku sai sun yi gumi. Duba, babu lambar da ake buga wa na sayarwa. Na gwaji ne. 'Yan kaɗan masu ƙera motar suka zuba don su ga ko zai yi, ba su taɓa kai shi kasuwa ba."

"To in su masu shi ba su so ba, mu me za mu yi da shi?"

Ya shafe shi da mai, ya naɗe da tsohon bargo, ya tura ƙarƙashin bene, inda nake ajiye buhun gawayi. Sai da na yi mita har na gaji, gawayina ne ya ƙaura.

A shekarar nan aka haifi Mansur. Ku na yanzu da kuke ɗora 'ya'yanku a wuya kuna zaga kanti da su, sai na yi muku bayani. A wurinmu ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa. Ba ka faɗin sunansa, ba ka yabonsa, ba ka tare masa faɗa a gaban mutane, in ya shigo ɗaki ka kau da kai. Ba ƙi ba ne. Haka aka yi wa ubanmu, haka aka yi mini, kuma ni ban taɓa shakkar innarmu tana sona ba, don duk 'yan farin da na sani haka ake musu. Ana yaye shi aka miƙo mini shi, ya zama nawa. Haruna "ɗanki" yake cewa, uwarsa Rabi kuwa "yaron nan". Abin da ba mu lura da shi ba, mu a cikin Hausawa muka tashi, shi kuwa a cikin Larabawa. Abokansa na makaranta ubanninsu na zuwa ɗaukar su, su sumbace su a ka a tsakiyar titi. Kowane magidanci a hara, wato unguwa, da sunan ɗansa na fari ake kiransa, yana kuwa amsawa da ƙirji a buɗe. Mai gidan burodin layinmu in ya hango Haruna sai ya ɗaga murya ya ce, "Ya Abu Mansur!" Haruna kuwa ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri kamar wanda aka tona wa asiri. Mansur yana ganin wannan tun yana ɗan ƙarami. Wata rana ina yi masa wanka ya tambaye ni ko sunansa ne ba shi da daɗi. Na yi dariya, na ce kunya ce, in ya girma zai gane. Ya girma, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa, bai kuwa gane ba.

Wuri ɗaya suke haɗuwa, gaban bene. Duk Juma'a in an sauko daga Harami, Haruna zai jawo ƙarfen nan ya warware bargo, ya zauna shafa masa mai. Yaron zai zo ya tsuguna. Ba mai kallon wani, duk ƙarfen suke kallo. Sai Haruna ya ɗaga murya yadda zan ji daga madafa.

"Yaya, gaya wa ɗanki, nan ne fistin ke hawa da sauka. Ya sa yatsa ya ji santsin."

Ni kuma in amso da muciya a hannu, "Ka ji, wai ka sa yatsa."

Sai yaron, da yake Abuya yake ce wa ubansa irin na Larabawa, ya ce, "Gwaggo, ki tambayi Abuya, me ya sa fari ne?"

"Wai me ya sa fari ne?"

"Don mota ta yi rashin nauyi a gaba, ta tashi kamar an harba ta. Ki ce masa kada ya taɓa ɗaura masa noti da zafin hannu. Farin ƙarfe ba ya son fushi, zaren ramin sai ya cinye."

Haka na zama malamar inji ban taɓa riƙe sufana ba. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye muku ba. In ɗaya ya faɗi magana da kaifi, kafin ta isa ga ɗayan na goge mata baki. Na ɗauka alheri nake yi, kuma har yau ban ce sharri ba ne. Sai dai yanzu in na zauna ni kaɗai nakan ce, da ban iya aikin nan sosai ba, da wata rana dole ta sa sun dubi juna.

Mansur ya bi sawun ubansa, ya samu aiki a wata warsha a Jidda, gareji ke nan a bakinsu, inda ake gyaran tsofaffin motocin Amurka na masu sha'awa. Da wayoyin nan masu hoto suka yawaita, sai ya ɗauki ƙarfen ta kowane gefe, har da 'yan alamomin da aka buga masa da hannu, ya aika wa waɗansu tsofaffin Turawa da suka ƙare rayuwarsu a kan irin motocin nan. Ya ce mini sun rikice. Wai sun daɗe suna jin labarin an yi irinsa, amma sun ɗauka duk an farfasa su tun zamanin. Ɗaya har ya ce zai hawo jirgi ya zo ya gani da idonsa, sai da Mansur ya fahimtar da shi cewa garin nan ba kowa ke shiga ba. Suka roƙe shi ya fito da shi Jidda a yi ciniki. Ya ce ba na sayarwa ba ne. Maimakon haka ya bi tashlih, inda ake jibge matattun motoci, har ya samo gangar irin mota mai ƙofa biyun nan, ba inji ba kujeru, ya ja ta warsha yana gyara ta kaɗan-kaɗan in an tashi aiki.

Ya zo ya same ni a madafa, da Hausarsa mai ɗingishi, ya ce, "Gwaggo, ki gaya wa Abuya. Sayyara, motar nan, ta kusa. Ina so in ɗauki makina, ƙarfen nan, in kai Jidda. Amma shi zai ɗaura noti na farko, shi zai tayar. Ni ba zan tayar ba sai yana wurin."

Na kai saƙo bayan la'asar. Haruna yana shan shayi, ya daɗe yana juya kofin a hannu. Na ga gefen bakinsa yana rawa, yana ƙoƙarin danne murmushi.

Ya ce, "To dama wa na ajiye wa? Ki ce masa ya zo da mota mai buɗaɗɗen baya, ya shimfiɗa taya a ƙasa. Kada ya ɗora shi a kan ƙarfe tsirara."

Tun da aka haifi yaron nan ban ji Haruna ya faɗi abin da ya kai wannan ba. Na sauya maganar zuwa yadda Mansur zai ji daɗinta, na ƙara mata gishiri, ya tafi yana tsalle kamar ba mai gemu ba.

A shekarar ce rusau ya iso layinmu. An daɗe ana cin unguwannin da ke kewaye da Harami ana kafa dogayen otal, muna ji muna cewa ba za a zo kanmu ba, sai muka wayi gari da jan fenti a bango. Muka samu wani gida a can bayan gari, hawa na uku, ba tsakar gida, ba ƙarƙashin bene. Tashin ya faɗo daidai lokacin da alhazai suka fara sauka, ni kuwa kowace shekara a unguwar Aziziyya nake wannan lokacin, ina yi wa alhazanmu tuwo da miyar kuka a gidajen da ake sauke su. Na ɗaure kayana na bar wa Rabi, na tafi. Mansur ya ce ranar Juma'a zai zo ya ɗauki ƙarfensa.

Abin da ya faru a bayana, Rabi ce ta ba ni, don tana bayan labule. Ana saura kwana kaɗan Juma'ar, Baba Maizubi ya zo yi wa gidan sallama, shi da dattawan jama'a. Ya tsufa ƙwarai a lokacin, 'ya'yansa ke aikin, amma kunnensa na sana'a bai mutu ba. An fito da komai tsakar gida, har da ƙarfen, bargon ya zame ta gefe ɗaya. Baba ya miƙa sandarsa ya ƙwanƙwasa, ya karkata kai yana saurare. Ya sake ƙwanƙwasawa.

Ya ce, "Kai, Haruna. Tun da nake zubi ban ji mai tsabtar murya irin wannan ba. Me kake yi da shi?"

"Yana nan dai, Baba."

"Tukwanen jama'a duk sun huje, bana ban san da me za mu hau Arfa ba. Wannan zai ba da manya biyu, waɗanda jikokinmu za su gada. Yana da mai shi ne?"

Kalma uku kawai ake nema daga bakin Haruna, ya ce na Mansur ne. Baba ba azzalumi ba ne, da ya ji haka da ya janye sandarsa ya sa albarka. Amma a ce mutum ya buɗe baki a gaban wanda ya haƙa kabarin ubansa, a gaban dattawa, ya hana jama'a abu, kuma dalilinsa ɗansa na fari? Rabi ta ce ta ga gumi yana bin wuyansa. Ya dubi ƙofa, ta tabbata ni yake nema, don da ina nan da tuni na faɗo cikin maganar na ce, a'a Baba, wannan na ɗana ne, kowa ya yi dariya a wuce wurin. Gwaggo tana da wannan bakin, uba ba shi da shi.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wane mai shi gare shi in ba kai ba, Baba?"

Aka yi ta sa masa albarka. Kafin azahar 'ya'yan Baba sun zo da mota sun ɗauka. Da na tambayi Rabi me ya hana ta leƙowa, sai ta fashe da kuka, ta ce, "Yaya, ni da na haife shi? Da wane ido?"

Ranar Juma'a Mansur ya iso da mota, taya a shimfiɗe a baya kamar yadda aka ce masa. Ya tarar da bargo a ninke a kan matakala. A ranar ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya je gaban ubansa ya tsaya.

"Abuya, ina makina?"

Haruna ya juya wajen Rabi ya ce, "A gaya masa Baba ya nema."

"Ga ni a gabanka, Abuya. Ni za ka gaya wa. Dube ni."

Bai dube shi ba. Mansur ya fita a guje ya nufi filin da ake zubi a bayan gari. Ya tarar an riga an sa masa babbar guduma, an fasa shi gunduwa-gunduwa don ya shiga tukunyar narki. Sai a lokacin aka kira ni a waya. Na bar tuwon mutane a kan wuta na hau tasi. Na same shi zaune a bakin motarsa, ya riƙe wani ɓallin ƙarfen da bai fi tafin hannu ba. Na fara abin da na saba, ina cewa kunya ce, ubanka ba shi da yadda zai yi, kai ne ransa.

Ya ce, "Khalas, shi ke nan, Gwaggo. Tun ina yaro kike fassara mini shi. Ke kike cewa yana sona, ban taɓa ji daga wurinsa ba. Yau an tambaye shi ko abin yana da mai shi, ya ce babu. Ba makina ce ta dame ni ba, wallahi."

Na koma kan Haruna, na wanke shi tas, na ce ya je ya gaya wa Baba gaskiya ko da an makara, ya kuma kira ɗansa ya ba shi haƙuri da bakinsa. Ya ce in ya gaya wa Baba yanzu, tsohon zai mutu da baƙin cikin ya cuci yaro, ƙarfen kuma ba zai dawo ba. Zancen kiran ɗan kuwa, sai ya ce, "Yaya, in na ɗauki wayar, da me zan fara? Ban san yadda ake yi ba." Na ce masa ka fara da sunansa. Ya tashi ya shiga ɗaure kaya.

Bayan hajji Mansur ya ajiye aikin Jidda ya koma can gabas, garuruwan mai, inda sai an yini ana tafiya. Kada wanda ya ce muku ya yanke zumunci. Yana aike, yana kira duk sallah, in an miƙa wa ubansa waya ya gaishe shi da ladabi, uban ya amsa da "lafiya lau" ya miƙo mini. In ya zo gari ya kwana a wurin abokai, ya shigo ya durƙusa ya gaida iyayensa ya fita. Zaman nan na gaban bene ne ya mutu, shi kaɗai kuma suke da shi. A sabon gida Haruna ya bar zuwa gareji, idonsa ya yi rauni. Ranar Juma'a in an sauko sai ya zauna a bakin taga da hannuwa a cinya. Bargon yana ƙarƙashin katifarsa, Rabi ta so ta yar, ya hana.

Tukwanen kuwa sun fito, manya biyu, kowace sai mutum biyu sun kama kunnuwanta. Baba ya rasu yana yi wa Haruna addu'a a kansu, bai taɓa sanin komai ba. Ni na yi ta dafa shinkafa a cikinsu a Arfa shekara bayan shekara, ina juyawa ina hararar su. Ba sa kamu, ba sa ƙona abinci, mata na ta yabo. Ni ko wanke su ba na tsayawa yi, sai in bar wa wasu.

Haruna ya rasu da hantsi, bayan gajeriyar jinya. Kun san yadda ake yi a garin nan, ba a jira. Aka sallace shi a Harami bayan la'asar aka kai shi. Mansur yana hanya, ya iso an riga an dawo. Aka yi zaman makoki, aka aro tukwanen jama'a kamar yadda ake yi wa kowa. Ranar da aka tashi, an fito da su bayan gida za a wanke, sai na ga Mansur ya miƙe daga cikin masu karɓar gaisuwa ya naɗe hannun riga. Dattawa suka ce ya zauna, mai makoki ba ya wanke-wanke. Bai saurare su ba. Ya san ko wane ƙarfe ne. Ya wanke cikin ɗaya, sannan ya kifar da ita. Gindin ya yi baƙi ƙirin, tukunyar jama'a ba mai wahalar da kansa a kan gindinta. Ya ɗauki soson ƙarfe da yashi ya shiga dirza. Daga baya ya ce mini so yake kawai ya sake ganin farin nan sau ɗaya.

Ina tsaye a kansa da buta ina zuba masa ruwa, sai na ga hannunsa ya tsaya. Ya shafa wurin da yatsa, ya ƙara dirzawa a hankali. Haruffan Larabci ne suka fito, masu tudu, a tsakiyar gindin inda wuta ta fi ci. Mansur. Ya jawo ta biyun ya kifar, ya dirza. Ita ma haka.

Isiyaku, babban ɗan Baba Maizubi, wanda ya zo karɓar tukwanen, yana tsaye a gefe. Ya ce, "Na ɗauka kun sani." Ya ce ranar da za a yi zubin, Usta Haruna ya zo filin shi kaɗai, ya zauna a rana yana kallo har ƙarfen ya zama ruwa. Da aka gyara yashi za a zuba, sai ya matso ya ce yana da roƙo ɗaya, a sa wa tukwanen suna, amma a gindi, kada Baba ya gani. Isiyaku ya tambaye shi wane suna.

"Wallahi Gwaggo, bai faɗa ba. Tsugunawa ya yi ya rubuta da yatsa a ƙasa. Da ya ga na karanta, sai ya sa tafin hannu ya share."

Mansur ya zauna daɓas a cikin ruwan wanke-wanke, da fararen kayansa. Ya ɗora hannu a kan haruffan, ya ɗago ya dube ni.

"Gwaggo, ki gaya mini gaskiya, kada ki gyara. Kin taɓa ji ya faɗa da bakinsa? Ko sau ɗaya, ko ba na nan?"

Duk rayuwata ina gyara musu magana, kuma a ranar na so in gyara fiye da kullum. Na ce, "Ban taɓa ji ba, Mansur."

Ya gyaɗa kai. Isiyaku ya yi ta murza hula, can ya ce a yi haƙuri, gobe akwai suna a wata unguwa, masu abin suna jiran tukwanen. Na ɗauka Mansur zai ce a bar masa ɗaya, kuma na san da ya roƙa da an ba shi. Bai roƙa ba. Ya tashi ya kama kunne ɗaya, Isiyaku ya kama ɗaya, suka ɗora su a mota. Sai da ya nemo tsohuwar taya ya shimfiɗa a ƙasa tukuna.

Motar nan mai ƙofa biyu tana nan a Jidda an lulluɓe ta, hancinta fanko. An sha kawo wa Mansur wani injin ya ce a bari. Tukwanen suna hannun 'ya'yan Isiyaku, kuma duk wanda aka yi wa suna ko aure a cikinku, shinkafarsa a ciki aka dafa. Gindin ya sake yin baƙi, amma in kun sa yatsa za ku ji tudun. In kuma kun ji yayanku ya tsaya a titi yana ƙwala wa ɗansa kira, tsofaffi suna kallona wai in tsawata masa, ku daina dariya. Ni na ce masa ya ƙara murya.